Gwabar Mai Faci

Mahaifinmu mai gyaran keke ne. Shekara arba'in ya yi a rumfa ɗaya a bakin titi, da kwanon ruwan neman huji da famfon hannu da gwangwanin gam, har sunansa na ainihi ya ɓace, yaro da babba kowa sai Mai Faci. Mu biyu ya haifa, Yaya da ni. Yaya ma'aikacin ofis ne, ni kuwa tela ce, kuma ni ce auta. Mutane suna cewa taurin kan Baba na ɗebo, amma sharri suke yi mini, ko rabinsa ban samu ba. Labarin gwabarsa zan bayar, kuma gara in faɗa tun yanzu, da hannuna dumu-dumu a cikin abin da aka yi mata.

Gidanmu ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, famfo a kusurwa, gwabar kuma tana gefen magudanar ruwa. Tun da na buɗe ido na gan ta a nan, ban taɓa tambayar inda ta fito ba. Cikinta ja ne, 'ya'yan cikin 'yan kaɗan, in ta nuna tun daga ƙofar gida ƙamshi zai tare ka. Kafin Baba ya tafi rumfa sai ya zagaye ta, yana ɗaga ganye yana leƙawa. Da zarar furen nan fari ya kaɗe, 'ya'yan suka kai girman ƙwan tattabara, sai ya zauna ya yayyanka takardar buhun siminti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa, yana ɗaure bakin da siririyar robar da ya yanko daga tsohon tib ɗin keke. Ya ce akwai wani ƙuda da ke huda fatar ya zuba ƙwai, shi ke kawo tsutsa. Baƙo in ya shigo sai ya tsaya yana kallon bishiya cike da ƙulli-ƙulli, Baba kuma ba ya yi wa kowa bayani.

Babu abin da yake yarwa a jikinta. In ya rage mata rassa bayan ta gama 'ya'ya, ƙanana su zama asuwaki, masu kauri ya sassaƙe su ya yi wa gudumarsa ƙota. Duk wanda cikinsa ya ɓaci a layinmu, gidanmu ake aikowa a karɓi ɗanyen ganye a dafa a sha. Amma fa shi zai tsinka da hannunsa, daga inda ya ga dama. Ban taɓa ganin ya sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya so ya ba shi, wanda bai so ba ko limamin gari ne sai dai ya shaƙi ƙamshi ya wuce. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce ita dai 'ya'yanta biyu ne, shi ne mai uku.

Bayan rasuwar Inna ya zauna shi kaɗai shekara shida. Yaya ya yi magiya har ya gaji a kan ya koma wurinsa, a gidan bene, hawa na uku, da ɗaki guda an ware masa har da fanka. Sau ɗaya Baba ya je. Ya tsaya a baranda ya leƙa ƙasa, ya dubi tukwanen furen roba da matar Yaya ta jera, ya taɓa ganye ɗaya, ya goge hannunsa a riga. Kafin la'asar ya ce a mai da shi gida, ya bar gwaba ba ruwa.

Wata safiya cikin damina ya ɗauko tsani zai ɗaure na saman. Bai ma hau ba jiri ya kwashe shi. A gindin bishiyar ya kwanta tun hantsi har rana ta take, sai da mai shagon da ke maƙwabtaka da mu ya ji shirun ya yi yawa ya leƙo. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar tana ɗan motsi, hannun kuwa kamar ba a jikinsa yake ba. Baki ya ɗan karkace, amma kada ku ji tausayi, duk abin da ke cikinsa yana nan.

A barandar asibiti Yaya ya ja ni gefe. Idonsa ya yi ja, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba.

"Auta, muddin bishiyar nan tana tsaye ba zai bar gidan nan ba. Wata rana gawarsa za mu tarar a ƙarƙashinta."

Na san gaskiya ya faɗa, domin ni na wanke ƙasar da ta manne a kumatun Baba. Sai na ce a sare ta. Ni na faɗa, ba Yaya ba. Kuma a raina ina ganin na fi kowa wayo, don na sha jin Baba yana cewa gwaba ba ta mutuwa don an sare ta, sai ma ta ƙara toho. Na ƙulla abina tsaf: a sare, Baba ya haƙura ya tafi bene ya yi jinya, kafin ya warware ta sake fitowa, kowa ya huta. Ni na nemo mai gatari, ni na tsaya a kansa, har ina ce masa ya yi ƙasa sosai kada a bar abin da zai tsole wa tsoho ido. Ya bar kututture iya gwiwa. Itacen kuma mai gidan burodin bayan layi ya aiko aka kwashe.

Kwana biyu bayan nan aka sallame shi. Shirinmu mu wuce da shi bene kai tsaye, amma ya ce sai ya biya gida ya ɗauki rediyonsa da tabarau. Yaya ya ce zai ɗauko masa. Baba ya kama murfin mota da hannun hagu ya ce ko a biya ko ya buɗe. Aka biya.

Da muka shiga, tsakar gidan ta yi wani irin haske mara kyau. Ya tsaya riƙe da sanda, ina tallafe da shi. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce a kawo masa kujera, aka ajiye a gaban kututturen, ya zauna ya shafa bakin saran.

"Wa ya ce a sare a nan?"

Na durƙusa na ce ni ce. Na yi sauri na ƙara da cewa ai za ta sake toho, shi da kansa ya sha faɗa.

"Za ta yi toho," in ji shi. "Auta, shekara talatin kina shanya a jikin bishiyar nan. Ba ki taɓa ganin wani kumburi a daidai ƙugunki ba?"

Na gani mana. A nan nake ɗaura igiyar shanya, don ba ta zamewa.

Sai ya gaya mana abin da ba mu taɓa tambaya ba. Bishiyar biyu ce. Ta ƙasan da kanta ta tsiro a bakin magudana, ƙila tsuntsu ne ya yar da irin, kuma da ta yi 'ya'yan fari tsami ne da ita mai kashe haƙori, ciki duk tsakuwa. Wani tsohon mai lambu da yake kawo masa gyaran keke ne ya ba shi ɗan reshe tsawon yatsa daga tasa mai jan ciki, ya koya masa yadda ake yi wa itace aure. Baba ya yanke mai tsamin, ya dasa reshen a kanta, ya ɗaure, suka haɗe. Kumburin nan shi ne mahaɗin. Duk abin da ke samansa mai zaƙi ne, duk abin da ke ƙasansa mai tsami. Mai lambun ya daɗe da rasuwa, lambun ma an yi gidaje a wurin. Irinta kuma ko ka shuka ba ya fitowa kamar uwar.

Na dubi kututturen, ya tsaya taƙi biyu ƙasa da inda mahaɗin yake. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ya yi gyaran murya ya ce abin da ya faru ya faru, a yi haƙuri, mota tana jira. Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Ina rassan?"

Na ce suna gidan burodi.

"Yau kwana nawa?"

"Biyu."

"An yi ruwa?"

"An yi jiya."

Ya kafa sanda ya miƙe. Tafiyar da ba ta wuce minti uku ba sai da muka yi kusan rabin awa, yana jan ƙafa, Yaya yana biye da mu da takalmin ofis cikin taɓo yana ta Baba don Allah, Baba don Annabi. Mai gidan burodi ya faskara manyan, amma ƙananan rassan suna jibge a bayan bango, ganyen ya yi yaushi, takardun siminti suna rataye a jiki. Baba ya sa ni ina jawowa yana dubawa. Ya kankare ɓawon da farce, in ya ga kore ya ce ajiye, in ya ga ya fara ja ya ce jefar. Guda shida ya zaɓa, masu kaurin fensir. Ya ce in jiƙa mayafina in naɗe su.

Da muka dawo Yaya ya tare ƙofa. Ya ce shi fa ba zai bar mahaifinsa da hannu ɗaya a gidan da ba kowa ba, ko duniya za ta zage shi. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan ofis, ka ba ni sati uku. In ta kama, na zauna, kada in ƙara jin maganar bene. In ba ta kama ba, ka zo da motarka, zan bi ka ban ce uffan ba."

Yaya ya yarda da sauri, don ya san Baba bai taɓa faɗin magana ya janye ba, kuma shi a ganinsa busassun tsinke ne a cikin mayafi. Ya sa sharaɗin ni in riƙa wuni a gidan, mai shago kuma ya riƙa kwana a ɗaki na biyu.

Aikin nan na hannu biyu ne, Baba kuma ɗaya gare shi, saboda haka nawa ya ara. Ya sa na sake yanke kan kututturen da zarto don a samu sabon wuri mai ɗanye. Ya sa na wasa tsohuwar wuƙarsa ta yankan faci har tana aske gashin hannu. Kowane reshe aka tsige ganyensa, aka bar ido uku, inda toho zai fito. Shi yana riƙe da reshen da hagu, ni ina fiƙe gindin ta gefe ɗaya kamar bakin alƙalami. Ina taƙama da hannun tela, amma ranar na sha faɗa.

"Ja ɗaya ake yi. Ba yadi ba ne da za ki yi ta tsakura. Kada yatsanki ya taɓa wurin yankan. Auta, wa ya koya miki riƙe wuƙa, maƙiyinki?"

Na tsaga ɓawon kututturen wuri shida, kowanne tsawon yatsa, na ɗan ɗaga shi da bakin wuƙa, shi kuma ya zura reshen a tsakanin ɓawo da itace, yana cije leɓe. Wajen ɗauri ya ce wannan nasa ne. Ya kama bakin robar tib da haƙori, ya zagaya da hagu, ya ja, ta suɓuce ta tsula masa a fuska. Na miƙa hannu, ya harare ni na janye. Sai a karo na huɗu ta ɗauru. Muka ɗiga kyandir a kan yankan, muka kifa farar leda, muka rufa takarda a sama saboda rana. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, amma fuskarsa ta fi ta kowane lokaci haske tun da ya faɗi.

Na kwaso ɗinkina na hannu na dawo gidan da wuni. Kullum yana kan kujera a gaban kututture da rediyo a cinya. Kwana biyar sai ga toho ya fara fitowa daga ƙasa, jajaye masu taushi, wasu daga jikin kututturen, wasu ma daga cikin ƙasa inda saiwa ta bi. Ina murna, sai na ga ya sunkuya yana murtsuke su da babban yatsa. Ya ce mai tsamin ce, in aka bar ta za ta shanye ruwan ta bar na saman da ƙishi. Yau ya karya, jibi wasu su fito.

Masu dubiya suna zuwa. Wani ya ce ya rungumi ƙaddara, ai ɗa mai gidan bene ba kowa Allah ke ba ba. Baba ya ce in yana so ya ba shi aronsa. Wata gwaggonmu ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi, a gabansa ta faɗa, tana ganin kunnen ma ya shanye. Ya ce mata shi dai hannu ya rasa, ita kuwa tun tana yarinya ake neman hankalinta ba a gani ba. Ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo ba, ni kuma na shiga ɗaki na yi dariya har da hawaye.

A kwana na goma sha biyu ya kira ni da wata murya. Ta cikin ledar, ido ɗaya a reshe na uku ya kumbura, ya yi ɗan kore kamar ƙwayar gero. Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya ce in kira Yaya in gaya masa ya fara neman wanda zai ba hayar ɗakin fanka. Ban kira ba, amma na yi ta addu'a, domin ni damuwata ta fi tasa, ina so a ce abin da na ɓata ya gyaru.

Kwana huɗu bayan nan idon ya yi baƙi. Ranar da sati uku suka cika ya sa na cire ledar. Ya bi su ɗaya-ɗaya da farce. Duka shidan sun bushe har ciki, da ya ɗan ja na ukun sai ya zaro a hannunsa ba wuya. Rassan sun riga sun sha wuya a bayan gidan burodi, ko kuma hannuna ne bai iya ja ɗaya ba, bai faɗa ba kuma ban tambaya ba. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce in je in haɗa masa kaya.

Na haɗa ina kuka, jaka biyu da kwalin magunguna. Yaya ya zo da hantsi washegari. Bai nuna murna ba, in ba shi haƙƙinsa, ya gaishe da Baba a durƙushe, ya kwashi jakunkunan ya kai mota. Baba ya fito sanye da rigarsa mai kyau da hula, rediyo a rataye a wuya. Ya zo wucewa ta gaban kututturen sai ya tsaya. Tun da idon nan ya yi baƙi ya daina karya tohon, ga su nan sun yi tsawon taƙi, sun fi ashirin, sun kewaye gindin. Ya daɗe yana kallo. Sai ya jawo kujera da sandarsa ya zauna, ya sa hannu a cikinsu yana rabawa. Ya karya wannan, ya karya wancan, ya bar uku masu ƙarfi.

"Baba, rana tana yi," in ji Yaya.

"Na fasa."

"Ka fasa me?"

"Tafiyar."

Yaya ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, kai fa ka faɗa da bakinka. A gaban Auta ka yi alkawari."

"Na faɗa. Shekara saba'in da huɗu ban taɓa saɓa magana ba, yau na saɓa. Ka je ka gaya wa duk wanda ka ga dama."

"Mai tsamin ce fa. Kai ka ce ko akuya ba ta ci."

"Ita ce. Fiye da shekara talatin tana cikin ƙasa tana shayar da wadda kuke yabo, ko ganye ɗaya ban bar ta ta fitar ba. An sare, ta taso. Na karya, ta taso. Kwana da kwanaki ina karya ta, ni na gaji ita ba ta gaji ba. Yanzu in sa ƙafa in tafi in bar ta?"

Yaya ya rage murya. Ya ce to in ya sake faɗuwa fa, wa zai gani?

"In na faɗi, a ƙasa zan faɗi, ba ta da nisa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce zan kawo keken ɗinkina in kafa a ɗaki na biyu, masu kawo ɗinki su biyo ni nan, mijina kuma zan san yadda zan yi da shi. Yaya ya ce ashe mu biyu ne marasa jin magana. Na ce ai ya daɗe da sani.

Ya tsaya a nan riƙe da makullin mota, yana juya shi a yatsa. Na san tsoro yake ji, irin wanda nake ji, kuma na san ba laifi ya yi ba da ya so mahaifinsa ya mutu a kan gado ba a bakin magudana ba. Baba ma ya sani. Amma bai ɗago ba, yana ta tara ƙasa da tafin hagu a gindin tohon nan uku, yana dannawa a hankali. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Ɗan ofis, matsa. Kana tare mata rana."

Yaya ya matsa.